Kishore Kumar: Ɗan Wasa ne ko Mawaƙi?

Tambaya: Kawu, barka da war haka. Mun kwana biyu muna musu da wani abokina. Ya dage cewa babu jarumin Indiya ko ɗaya da ke rera waƙa da bakinsa, duk mamin suke yi. Ni kuma na ce masa na sha jin mahaifina yana ambaton wani Kishore Kumar, yana cewa ɗan wasa ne kuma mawaƙi. Abokina ya ce mawaƙi ne kawai, bai taɓa fitowa a fim ba. Don Allah a raba mana gardama.

Amsa: Ɗana, ka gaishe mini da mahaifinka, ka ce masa ya san abin da yake faɗa. Amma kada ka yi saurin yi wa abokinka dariya, don shi ma bai faɗi ƙasa warwas ba. Waƙoƙin fim ɗin Indiya da kuka taso kuna gani, kusan dukkansu ba muryar jarumin kuke ji ba. Wani ne ya shiga situdiyo ya rera aka naɗa, ranar ɗaukar fim aka kunna a lasifika, jarumi yana motsa baki yana rawa. Shi ne abin da 'yan Kannywood ke kira mamin, kuma daga can muka kwaso shi. Inda abokinka ya zame shi ne a kan Kishore Kumar. Mutumin nan ya fito a fim sama da 80, a da yawa daga ciki shi ne jarumi. Ya ba da umarni, ya shirya fim da kuɗinsa, ya tsara kiɗa, ya rubuta baitoci, sannan ya rera waƙoƙi sama da 2,000. Na yi shekaru ina gabatar da shirin waƙoƙin Indiya a rediyo, kuma waƙoƙinsa ne suka fi cika wasiƙun masu sauraro, duk da yawancin masu rubutowar ba su san sunansa ba. Sai dai su ce a sa musu "waƙar Amita" ko "waƙar Rajesh Kanna".

Bari in ɗan koma da kai baya, don in ba ka san yadda aka raba fuska da murya ba, ba za ka ga abin mamakin da ke cikin labarinsa ba. Fim ɗin Indiya mai magana na farko, Alam Ara, ya fito a 1931. A lokacin dole jarumi ya iya waƙa, saboda a wurin da ake ɗaukar hoto ake naɗar murya, makaɗa suna laɓe inda kyamara ba ta ganinsu. A 1935 ne wani kamfani a Kalkata, New Theatres, ya fara naɗar waƙa daban a fim ɗin Dhoop Chhaon na darakta Nitin Bose. Duk da haka masu haɗa wasa da waƙa suka ci gaba da riƙe kasuwa, irin su K. L. Saigal da Noor Jehan da Suraiya. Saigal ya rasu a farkon 1947, Noor Jehan ta koma Pakistan bayan raba ƙasar a wannan shekarar, sai fili ya koma hannun mawaƙan bayan fage: Mohammed Rafi, Mukesh, Talat Mahmood, Lata Mangeshkar. Da farko ko sunansu ba a damu a rubuta ba. Waƙar da ta fito da Lata a fim ɗin Mahal na 1949, sunan da jarumar ta fito da shi a fim aka buga a kan faifan garmahon. Mukesh da Talat sun gwada fitowa a matsayin jarumai, abin bai karɓe su ba, suka koma gaban makirfo. Ka ga ke nan lokacin da Kishore ya iso Bombai, ƙofar haɗa sana'ar biyu tana rufewa ne.

An haife shi ranar 4 ga Agusta 1929 a Khandwa, wani gari da ke jihar Madhya Pradesh ta yanzu. Sunan yankansa Abhas Kumar Ganguly, iyayensa 'yan Bangal ne, mahaifinsa lauya. Shi ne auta. Babban yayansa, Ashok Kumar, ya girme shi da shekara 18, kuma tun Kishore yana ɗan firamare Ashok ya riga ya zama babban tauraro a kamfanin Bombay Talkies. Ashok ya sha ba da labarin cewa muryar ƙanen nasa tana yaro gwangwani ce, ba ta sauraruwa, sai da ya yanke a yatsan ƙafa ya yi ta tsala kuka kwana da kwanaki, sannan ta washe. Labarin yaya ne a kan ƙanensa, ka ɗauke shi yadda ka ga dama. Abin da ba a musu a kai shi ne bai taɓa zama gaban malamin waƙa ba. A Indiya wannan babban abu ne, don waƙar gargajiyarsu ilimi ce da ake shafe shekara goma ko fiye ana koya a hannun malami, da ka'idojin hawa da saukar murya da suke kira raga. Rafi ya yi wannan karatu, Manna Dey ya yi, Lata a gidansu ta gada. Kishore da kunne kawai ya koya, yana kwaikwayon faifan Saigal.

Ya bar karatu a wata kwaleji a Indore ya bi yayansa Bombai, ya fara da zama cikin 'yan amshi a Bombay Talkies. Ya leƙa a fim ɗin Shikari a 1946, sannan a 1948 mai tsara kiɗa Khemchand Prakash ya ba shi waƙarsa ta farko a Ziddi, jarumi Dev Anand ya hau ta. In ka saurare ta yau ba za ka gane shi ba, Saigal ne sak, har da shaƙe murya ta hanci.

Burinsa waƙa ce, amma yayansa ya tura shi wasa. Hujjar Ashok ba ta da laifi: jarumi ne ke kwasar kuɗi, mawaƙi ɗan abin da ya samu bai taka kara ya karya ba, ga kuma ƙane ba shi da horo, ina zai kai gaban su Rafi? Kishore ya faɗa da bakinsa, a wata doguwar hira da ɗan jarida Pritish Nandy a 1985, cewa ya yi duk abin da zai yi don a kore shi daga wasa. Ya riƙa ɓata layin magana da gangan, yana yamutsa fuska a inda ake son kuka, yana shirme iri-iri. Sai reshe ya juye da mujiya. Shirmen ne ya burge 'yan kallo, daraktoci suka ga sun tsinci ɗan barkwanci. Ya zama jarumi a Andolan a 1951, Bimal Roy ya sa shi a Naukri a 1954 a matsayin matashi mai yawon neman aiki, Hrishikesh Mukherjee ya ɗauke shi a fim ɗinsa na farko, Musafir, a 1957. Waɗannan manyan daraktoci ne, ba masu fim ɗin cika kasuwa ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 yana cikin jaruman da aka fi nema.

Ga wani abu da za ka kai wa abokinka tsaraba. Saboda yawan aiki, da kuma rainin da wasu masu tsara kiɗa suke yi wa muryarsa, akwai fina-finan da Kishore ya fito yana motsa baki wani yana rera masa. A Raagini na 1958 Rafi ne ya rera masa wata waƙa mai salon gargajiya, haka ma a Shararat na 1959. Wato mutumin da daga baya zai zama muryar rabin jaruman Indiya, shi ma ya taɓa yin mamin.

Wanda ya fara gane abin da ke cikin maƙogwaron nan shi ne mai tsara kiɗa S. D. Burman. Shi ya ce masa ya daina zama inuwar Saigal, ya nemo muryar kansa, kuma shi ya riƙa ba shi waƙoƙin Dev Anand tun daga su Munimji da Funtoosh da Paying Guest har zuwa Guide a 1965. A wannan neman ne ya ɗauko wani salo daga faifan mawaƙan karkarar Turawa irin su Jimmie Rodgers, wanda ake kira yodal: murya ta tashi daga ƙirji ta haye can sama siririya ta dawo cikin ƙiftawar ido, tana karyewa kamar ana kaɗa ta. In ka ji wannan a tsohuwar waƙar Indiya, kusan kullum shi ne.

A fina-finan barkwancinsa biyu nake so ka nema. Chalti Ka Naam Gaadi na 1958 ya haɗa 'yan'uwan uku, Ashok da Anoop da Kishore, a matsayin makanikai masu gareji, babbansu ya haramta ko ambaton mace. Sai ga jaruma Madhubala cikin dare, ana sheƙa ruwa, motarta ta mutu. Kishore ya gyara, ta tafi ba ta biya ba, bashin rufi biyar da 'yan canji ya zama igiyar soyayyar. Na biyun shi ne Half Ticket na 1962, inda ya yi shigar yaro don ya biya rabin kuɗin jirgin ƙasa, bos ɗin fim ɗin, Pran, ya ɓoye lu'ulu'u a aljihunsa. Akwai wata waƙa a ciki da ya yi shigar mata yana guje wa Pran. Muryar namijin tasa ce, muryar macen ma tasa ce, yana sauyawa daga baiti zuwa baiti. A zamanin da babu kwamfutar gyaran murya aka yi wannan.

Shekarun 1960 ba su yi masa daɗi ba. Ya auri Madhubala a 1960, bayan rabuwarsa da matarsa ta farko Ruma, uwar ɗansa Amit. Madhubala tana da ciwon zuciya da aka haife ta da shi, suka je Landan likitoci suka ce babu aikin da za a iya yi. Ta yi shekaru a kwance, ta rasu a Fabrairun 1969 tana da shekara 36. A wannan tsakanin fina-finansa suka riƙa faɗuwa, ya yi suna wajen ƙin zuwa wurin aiki, ga masu karɓar haraji sun sa shi gaba. Amma a cikin wannan duhun ne ya yi Door Gagan Ki Chhaon Mein a 1964, wanda ya rubuta, ya shirya, ya ba da umarni, ya tsara kiɗa, ya kuma fito a matsayin soja da ya dawo daga yaƙi ya tarar gidansa ya ƙone, matarsa ta mutu, ɗansa ya daina magana. Amit ne ya fito a ɗan. Babu tsalle, babu gwalo. Duk wanda ya ce Kishore ɗan camama ne kawai, bai ga wannan fim ɗin ba.

Yanzu ga fim ɗin da ya dace ku zauna ku kalla tare da abokinka, don kamar domin musunku aka yi shi: Padosan, 1968. Sunil Dutt ya fito a wani bagidaje mai suna Bhola da ya kamu da son maƙwabciyarsa, Saira Banu, tagar ɗakinta tana kallon tasa. Ita waƙa take so, har tana da malamin kiɗa, Mehmood, wanda shi ma yana ciki. Bhola kuwa in ya buɗe baki jaki ma sai ya tsorata. Sai ya kai kuka wurin ubangidansa, wani shugaban 'yan wasan daɓe mai baki ja-wur da taunar ganyen paan mai rina baki kamar goro, gashi a rabe a tsakiya. Kishore ke nan. Dabarar da suka ƙulla ita ce Bhola ya tsaya a taga yana motsa baki, ubangidan ya laɓe a bayansa yana rerawa, yaransa suna kiɗa da tarkacen ɗaki. Ka lura da fuskar Kishore a wurin. Yana waƙar, yana zare ido, yana yi wa Bhola nuni da hannu ya buɗe baki da kyau, ya yi murmushi, ya kai hannu ƙirji. Masana'antar ce take yi wa kanta dariya, tana nuna wa 'yan kallo sirrin da kowa ya sani amma ake yi kamar ba a sani ba. Akwai kuma gasar waƙa tsakanin tagogin biyu, inda Manna Dey, masanin raga na gaske, ya rera wa Mehmood, Kishore kuma ya rikita shi da shirme har ya ci gasar. An ce abin bai yi wa Manna Dey daɗi ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Shekara ɗaya bayan wannan, abin da aka yi a matsayin wasa ya zama rayuwarsa. A 1969 darakta Shakti Samanta ya fitar da Aradhana, da wani sabon jarumi, Rajesh Khanna. Rafi ya rera waƙa biyu a ciki, Kishore uku, kuma na Kishore ne suka tashi ƙasar. Ɗaya ita ce wadda jarumin ke cikin buɗaɗɗiyar jif yana bin ƙaramin jirgin ƙasan Darjeeling, Sharmila Tagore tana bakin taga da littafi tana satar kallonsa. Ɗayar, Roop Tera Mastana, an ɗauke ta a tashi ɗaya ba a yanke kyamara ba, ita ce ta ba shi kambunsa na farko na Filmfare, babbar lambar yabon fina-finan Indiya. Yana da shekara 40 a lokacin. Shekara 21 bayan waƙarsa ta farko, sannan Indiya ta yarda cewa mawaƙi ne.

Ra'ayina a nan, kuma na daɗe a kansa, shi ne wasan da ya tsana shi ya gina masa waƙar. Rafi ya fi shi ilimin waƙa nesa ba kusa ba, muryarsa ta fi laushi, kuma akwai waƙoƙin Rafi da Kishore ba zai iya taɓawa ba. Amma Kishore ya shafe shekara ashirin a gaban kyamara. Ya san yadda jarumi ke jan numfashi kafin ya furta kalma, ya san inda zai juya kai, inda murya za ta sarƙe in kuka ya taso. Shi ya sa kafin ya shiga naɗa yake tambayar wa zai hau waƙar, kuma a wane hali yake a labarin. In Rajesh Khanna ne, sai ka ji muryar ta yi taushi tana jan kalma, daidai da yadda Rajesh ke karkata kai yana lumshe ido. In Dev Anand ne, ta yi sauri tana tsalle. In Amitabh Bachchan ne, ta sauko ƙasa ta yi kauri har ka rantse Amitan ne da kansa. Wasa yake yi a gaban makirfo, jarumin kuma ya zo daga baya ya sa wa wasan fuska. Shi ya sa masu rubuto mini wasiƙa ba su taɓa zargin akwai mutum na biyu ba.

Ka kuma tuna yadda ake naɗa a lokacin. Ɗaki guda ne babba, makaɗa gommai a zaune, masu goge irin na Turawa kaɗai layi-layi, mawaƙi yana gefe, a ɗauka daga farko zuwa ƙarshe. Mutum ɗaya ya kuskure, kowa ya koma farko. Wanda bai iya karanta rubutun kiɗa ba, a irin wannan ɗakin kunnensa ne kawai jarinsa. R. D. Burman, ɗan S. D., shi ya fi kowa amincewa da wannan kunnen, har ya ba shi waƙoƙin da aka gina a kan raga, irin na Amar Prem a 1972 da Mehbooba a 1976, waɗanda a da sai dai a kira Rafi ko Manna Dey.

Ni na fara sanin ƙarfinsa ne a wata silima a Kano, irin mara rufin nan, muna samari, ana nuna Don na 1978. Da aka zo inda Amita ya cusa paan a baki ya fara rawa, silimar gaba ɗaya ta miƙe, ana tafi ana fito, masu gyaɗa da rake suka ajiye tire. Paan ɗin nan wani ganye ne da suke naɗe ƙwaya da 'yan kayan ƙamshi a ciki su tauna, yana rina baki kamar goro, shi ya sa abin bai yi mana baƙo ba. Duk muka fito muna cewa Amita ya iya waƙa. Sai bayan shekaru, da na sayi kaset ɗin na juya bayansa, na ga sunan Kishore Kumar a rubuce da ƙananan haruffa. Waƙar nan ma ta ci Filmfare. Gaba ɗaya sau 8 ya ci kambun, na ƙarshe a kan waƙar fim ɗin Saagar na 1985, kuma an yi shekaru da dama babu mawaƙi namiji da ya kamo shi. Waƙar abotar nan ta Sholay da ake yi a kan babur mai akwati a gefe, shi da Manna Dey ne. Ta Muqaddar Ka Sikandar mai sa kuka, shi ne. Amma kada ka jingina masa duk waƙar Amita. A Coolie Shabbir Kumar ne, a Mard kuma Mohammed Aziz, su biyun masu bin sawun Rafi.

Halinsa kuwa, sai dai a yi shiru. Ba ya buɗe baki sai sakatarensa ya tabbatar masa kuɗi sun shigo. Ana ba da labarin ranar da furodusa ya biya shi rabi, sai ya zo wurin aiki da kwalliya a rabin fuska. Ya rataye allo a ƙofar gidansa mai gargaɗin a yi hattara da Kishore, yadda ake rubuta na kare. A hirar nan ta 1985 ya ce bishiyoyin gidansa su ne abokansa, har sunaye ya raɗa musu. Mutane suka ce mahaukaci ne. Ni na zauna da isassun mawaƙa da 'yan wasa a nan gida, na san yadda ake cinye musu haƙƙi da "za a gani" da "in fim ya fita", don haka ba na ganin hauka a wurin mutumin da ya gano cewa in ana tsoron halinka ana biyanka a kan lokaci. Wani lokacin dai abin ya ci shi. Ana cewa Hrishikesh Mukherjee, wanda ɗan Bangal ne, ya so ya ba Kishore jarumtar fim ɗin Anand, ya je gidansa maigadi ya kore shi, don an ba maigadin umarnin korar wani Babangale da ake bin kuɗi, ya ɗauka wannan ne. Rajesh Khanna ya samu fim ɗin.

Taurin kan nan ya kai shi har gaban gwamnati. Lokacin dokar ta-ɓacin da Indira Gandhi ta kafa daga 1975 zuwa 1977, an nemi ya yi waƙa a taron matasan jam'iyyar Congress mai mulki, ya ƙi. A 1976 ma'aikatar yaɗa labarai, ƙarƙashin minista V. C. Shukla, ta hana sa waƙoƙinsa a gidan rediyon All India Radio da talabijin ta Doordarshan. A lokacin babu tashoshi masu zaman kansu a ƙasar, don haka rufe masa baki aka yi gaba ɗaya, a daidai lokacin da ya fi kowa tashe. Bayan faɗuwar gwamnatin, hukumar binciken da aka kafa ƙarƙashin mai shari'a Shah ta saurari batun a cikin laifukan wancan zamani.

Kafin abokinka ya ce to ai mutum ɗaya ne, akwai wasu, sai dai ba su kai nan ba. Amitabh da kansa ya rera 'yan waƙoƙi, a Mr. Natwarlal a 1979, da Silsila da Laawaris a 1981. Aamir Khan ya rera ɗaya a Ghulam a 1998. Priyanka Chopra ta fitar da waƙoƙin Turanci a 2012 da 2013, ɗaya tare da mawaƙin Amurka Pitbull. Ayushmann Khurrana da Farhan Akhtar suna rera wasu waƙoƙin fina-finansu, Diljit Dosanjh kuma mawaƙin Panjabi ne da ya shigo fim daga baya. Kamar dai a nan ne, inda Adam A. Zango ke wasa yana waƙa, Umar M. Shareef ya taso daga waƙa ya shiga wasa. Shah Rukh Khan da kuka fi sani, muryoyin su Kumar Sanu da Udit Narayan da Abhijeet da Sonu Nigam kuke ji a bakinsa. Kumar Sanu ɗin ma sunansa Kedarnath Bhattacharya, "Kumar" ɗin an laƙaba masa ne saboda da kwaikwayon Kishore ya fara, yadda shi Kishore ya fara da kwaikwayon Saigal.

In kana so ka horar da kunnenka, nemi Amar Akbar Anthony na 1977, ka je waƙar soyayyar da jarumai uku ke yi da 'yan matansu uku. Rufe ido. Muryar da ke bakin Amita ta Kishore ce, mai kauri da buɗewa. Ta bakin Rishi Kapoor ta Rafi ce, mai santsi. Ta bakin Vinod Khanna ta Mukesh ce, mai ɗan bi ta hanci. Matan uku kuwa duk Lata ce. Ka saurara sau uku, daga ranar ba za ka ƙara rikita su ba.

A shekarunsa na ƙarshe ya riƙa cewa ya gaji da Bombai, zai tattara ya koma Khandwa. A dandali ma da sunan garin yake gabatar da kansa, Kishore Kumar na Khandwa, yadda ake cewa Shata Katsina. Bai samu komawa da ƙafarsa ba. Ranar 12 ga Oktoba 1987 ya naɗi wata waƙa tare da Asha Bhosle, kiɗan Bappi Lahiri, domin fim ɗin Waqt Ki Awaz. Washegari, 13 ga Oktoba, zuciyarsa ta buga a gidansa, ya rasu yana da shekara 58, ya bar matarsa ta huɗu Leena Chandavarkar da ƙaramin ɗansu Sumit. Ranar ita ce zagayowar ranar haihuwar Ashok Kumar ta 76, yayan da ya tura shi wasa. Aka ɗauki gawar zuwa Khandwa aka yi mata al'adarsu a can. Ashok ya rayu har 2001, bai ƙara yin bikin ranar haihuwarsa ba.